Muhawarar zauren 'yan Zangon Kumasi a Gana: shin katin inshorar lafiya yaudara ne?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina so kowa a zauren nan ya ji abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini, katinta na inshorar lafiya kuma yana aiki, amma da muka kai ta wani asibiti likita ya rubuta magani, sai aka ce babu shi, mu je kemis mu saya da kuɗinmu. Ana karɓar harajin lafiya na kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan da muke saya, ana kuma cire wani kashi 2.5 daga kuɗin fanshon ma'aikata na hukumar SSNIT. Ina kuɗin suke tafiya har asibiti ya rasa maganin hawan jini? Ni a ganina katin nan ya zama yaudara.

Alhaji na Alabar: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Amma ɗana, ka janye kalmar yaudara, domin ba ka san zamanin da muka fito daga cikinsa ba. A 1985, lokacin da gwamnati ke bin sharuɗɗan IMF da Bankin Duniya, aka ɗora wa marasa lafiya kuɗin asibiti, har aka kai ga tsarin da ko kana numfashi da ƙyar ba a ba ka magani sai ka ajiye kuɗi. Shugaba Kufuor ne ya kawo dokar inshora a 2003, kuma a 2008 aka sa mata masu juna biyu cikin shirin ba tare da biyan komai ba. Abin da ya ceci matanmu a ɗakin haihuwa ba za a kira shi yaudara a gabana in yi shiru ba.

Malamin Sawaba: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma duk alkawarin da aka karɓi kuɗi a kansa ba a cika ba, sunansa yaudara ko da wanda ya fara shi mutumin kirki ne. Tun da an ambaci wanda ya kawo, ya kamata a ambaci 'yan jam'iyyarsa waɗanda suka yi dokar 2017, wadda ta ƙayyade cewa kuɗin da aka keɓe wa asusu irin na lafiya da na ilimi ba za su wuce kashi 25 cikin 100 na harajin ƙasa ba. Ke nan an karɓi haraji da sunan lafiya, an karkatar da wani ɓangarensa zuwa wasu hidimomi. Sai a 2025, bayan dawowar Shugaba Mahama kan mulki, aka cire wa asusun lafiya wannan takunkumi.

Alhaji na Alabar: Malam, na san inda ka dosa. To, a zamanin wace jam'iyya, in ba ta Mahama ba, aka zaɓi yankin Ashanti shi kaɗai a 2012 domin gwajin tsarin da ya ɗaure kowane mai kati ga asibiti guda, ana biyan asibitin ɗan kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum? Mu ne muka sha wahalarsa a garin nan har aka dakatar da shi a 2017.

Anti Nas ta Asawase: Iyayena, ku ba ni dama in amsa tambayar yaron nan, domin aikina ne. Asibiti ba ya karɓar kuɗin inshora kafin ya duba mara lafiya. Yana yin aiki ne tukuna, ya aika takardun neman biya ga hukumar inshora, sannan ya jira, kuma idan Ma'aikatar Kuɗi ta yi jinkirin sakin harajin, jiran yakan ɗauki watanni. Ga shi hukumar tana da farashin da ta yanka wa kowane magani, alhali mafi yawan magungunanmu daga waje ake shigo da su da dala. Da sidi, kuɗin ƙasarmu, ya faɗi a 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, sai farashin kasuwa ya bar na hukuma a baya, dillalai suka ƙi ba da bashi, kantar magani ta bushe. Mai hawan jini da ya rasa kuɗin saye yakan fara shan ƙwaya yau ya tsallake gobe, kuma daga nan ne ake dawo mana da shi da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, wanda jinyarsa ta ninka kuɗin ƙwayar sau da yawa.

Malamin Sawaba: Anti ta tabbatar da maganata, yaudara ce.

Alhaji na Alabar: Anti ba ta furta wannan kalma ba, kada ka sa mata magana a baki. Jinkirin biya daban, yaudara daban, kuma malamin da ke koyar da yara ya kamata ya fi kowa sanin nauyin kalma.

Malamin Sawaba: Baba, ban taɓa sana'arka ba, ina roƙon kada a taɓa tawa.

Baƙo daga Nima: Ni daga Akra nake bibiyar ku, kuma ina mamakin yadda kuke faɗa a kan kati kuka bar kwata. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, mafi yawansu a yankin Akra, kuma ba rashin kati ne ya jawo ta ba, rashin tsabtataccen ruwa da banɗaki ne. An kafa Asusun Raya Zango da wata doka daban ta 2017, amma abin da aka fi nuna mana shi ne filayen ƙwallo masu ciyawar roba.

Matashin Yalwa: Yaya, ka fara gyara kwatar Nima kafin ka koya wa mutanen Kumasi tsabta. Filin ƙwallo ma lafiya ne, domin yana raba matasa da shan tiramol.

Baƙo daga Nima: Ƙanena, ban zagi Kumasi ba, amma ka je ka dubi rafin Aboabo bayan ruwan sama, ka dawo ka faɗa wa zaure abin da ka gani.

Shugaban Zaure: Jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawan masu magana sun yarda cewa inshorar lafiya alheri ce da aka shuka tun 2003, kuma kiran ta yaudara wuce gona da iri ne. Anti Nas ta nuna cewa matsalar ta jinkirin biya ce da tsadar dala, abin da ya shafi duniya baki ɗaya bayan annobar korona. Alhaji ya yi mana bayanin dattaku, muna godiya, kuma ina kira ga masu ƙananan shekaru su riƙa tauna magana a gaban manya. An rufe wannan batu.

Malamin Sawaba: Shugaba, da izininka, mutum ɗaya ne kawai ya ƙi kalmar, ba mafi yawa ba. Anti ba ta ambaci korona ba, Ma'aikatar Kuɗi ta ambata, kuma ka tsallake dokar 2017 da ta ƙayyade kuɗin asusun lafiya gaba ɗaya. Ina neman a gyara bayanin kafin a rufe.