Wiwi da mai ciki ko mai goyo: wadda ta gani da idonta ta faɗa mana

Maman Hanif, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwar maigidana ce ke da ciki wata uku, laulayi ya sa ta gaba, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Wata ƙawarta ta ce ta riƙa jefa ɗan ganyen wiwi a shayi, wai yana tsayar da amai, kuma tunda ba busawa za ta yi ba, babu komai. Na hana ta, amma ta ce in kawo hujja. Don Allah wadda abin ya taɓa shafa ta yi magana, ba sai ta faɗi sunanta ba.

Baiwar Allah:
Wa alaikumus salam. Tun ina makaranta nake sha, da na samu cikin fari ban daina ba saboda irin wannan maganar. Da farko kamar ya yi mini aiki, daga baya aman ya fi na da. Ba na samun sauƙi sai na shiga wanka da ruwa mai zafi sosai, in fito, in sake komawa. Wannan wankan ne ya tona ni. Da na faɗa wa likita, sai ya ajiye biro ya tambaye ni a hankali ko ina shan wani abu. Ya ce masu daɗewa suna shan wiwi kan kamu da irin wannan aman, kuma maganinsa dainawa. Bakwaini na haifa, bai kai kilo 2 ba, hannunsa kamar yatsuna biyu. A kwalba na fara ganinsa, da robar abinci a hanci. Likitan bai ce lallai wiwi ce ta jawo ba, ya ce dai tana cikin abubuwan da ke jawowa. Yaya, ki karanta mata wannan.

Maman Hanif:
Allah sarki. Allah ya raya miki shi, ya saka da alheri.

Anti Nas, Bukuru:
Ina aikin awo da ɗakin haihuwa, bari in sa baki. Sinadarin da ke bugarwa a wiwi sunansa THC. Ko an busa, ko an dafa a shayi, ko an zuba a zoɓo ko wake, jini yake shiga, ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Wanda aka ci a abinci ko aka sha a shayi ma yana jinkirin kamawa, sai mace ta ƙara tana zaton bai yi ba. Abin da aka fi alaƙanta shi da shi: jariri ƙasa da kilo 2.5, haihuwa kafin mako 37, da kwantar da jariri a asibiti bayan haihuwa.

Wajen nono ne mata suka fi ruɗuwa. THC kitse yake bi, yana maƙalewa a kitsen jikin uwa yana fita kaɗan kaɗan, nono kuwa mai kitse ne. Wani bincike a Amurka a 2018 ya same shi a nono har kwana 6 bayan sha, wani na baya ya same shi bayan mako 6. Don haka dabarar "zan tatse in zubar" ba ta fitar da kowa.

Ummu Sadik:
Anti, ba gardama nake ba, amma maƙwabciyata tana sha kowa ya sani, 'ya'yanta uku kuma ƙalau suke, har sun fi nawa ƙiba.

Anti Nas:
Ƙanwata, ba kowane yaro ne ake gani a sikeli ba. Wasu sai sun shiga makaranta ake lura ba sa iya natsuwa ko riƙe karatu, kuma bincike ya nuna alaƙar hakan da shan uwa. Sannan irin wiwin da ake sayarwa yanzu, su Loud da Colorado, ya fi na da ƙarfi, wani ma feshin sinadarai ne a kan ganye. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya, kuma cikin duk masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce. Amma a layin awo da wuya ki ji wadda ta faɗa, wannan ke ci mini rai.

Maman 'Yan Biyu, Gangare:
Ni ban taɓa sha ba, maigida ne. Kun san sanyin Jos a watan Disamba, taga a rufe, an toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ina jego, shi kuma yana busawa a ɗakin. Hassana ta riƙa barcin da ba na so, in sa mata nono ta ja sau biyu ta saki. Zanin goyo ma warin yake. Na yi magana ya ce fitina nake nema. Sai da na kai ƙara wurin Hajiyarsu, ta zo da kanta ta ce ko ya fitar da abin nan daga gidan ko ta tafi da mu. Bai daina ba har yau, ina ta addu'a, amma ba ya kunnawa a gida, kuma sai ya canza riga ya wanke hannu kafin ya ɗauke su.

Maman Hanif:
Na tura mata duka, ta kira ni tana kuka, ashe ta riga ta fara. Yanzu me za mu yi? Tana tsoron a yi mata faɗa a asibiti.

Anti Nas:
Ta daina yau, dainawa a kowane wata na ciki tana da amfani. Kwanakin farko za ta iya fama da rashin barci da saurin fushi, ku yi haƙuri da ita. Ta riƙa cin abinci kaɗan kaɗan, ta gwada shayin citta, kuma akwai maganin amai da ake rubuta wa masu ciki. Ki raka ta awo, ku nemi ganin nas ko likita a keɓe, ta faɗi gaskiya. In dainawar ta gagara, a nemi takardar zuwa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH. Idan kuma ta wuni ruwa bai zauna mata ba, ko fitsarinta ya ragu ya yi duhu, kada ku jira ranar awo.