Wa ya gina manyan gidajen gandayen Amurka?

MaginiRigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni magini ne a Rigasa, kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk hoton bayin Amurka da ake nuna mana, a gonar auduga suke. To waɗancan manyan benaye masu ginshiƙai da ke tsakiyar gandun fa, wa ya tayar da su? Wanda ya san gini ya san aikin ya fi ƙarfin lebura. In bayin ne, wa ya koya musu, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

MalaminKawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Hannun bayi ya yi yawa a aikin. Ɗauki Monticello, gandun Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku. Akwai bawansa John Hemmings, wanda ya koyi kafinta wajen James Dinsmore, mutumin Ailan. Da Dinsmore ya tafi a 1809, Hemmings ne ya riƙe shagon kafinta na gandun, yana yin kujeru da tebura da gyaran gidan. A 1794 kuma Jefferson ya buɗe maƙerar ƙusa, ya zuba yara bayi 'yan shekara 10 zuwa 16. Yakan auna ƙarfen da aka ba yaro, ya auna ƙusar da ya fitar, don ya ga abin da ya salwanta. Wasiyyar Jefferson ta 1826 ta 'yanta Hemmings, amma a 1827 aka yi gwanjon mutum wajen 130 saboda bashi.

ƊanPanteka:
Kuɗin na ubangida ne, Yaya. Ko a ginin White House da aka fara a 1792, hayar bayi aka yi, iyayen gidansu suka karɓi ladan. A birnin Charleston na Amurka har lambar ƙarfe ake rataya wa bawan haya, an buga sana'arsa a jiki.

MaginiRigasa:
Maganar yaran nan ta taɓa ni, wallahi. Ina da almajirai sa'anninsu. Ina matsa musu, ba ƙarya, amma kowannensu ya san ranar yaye na zuwa, zai ɗauki cebur da magwajinsa ya ci gashin kansa. Waɗancan kuwa ƙwarewarsu farashinsu ta ƙara wa. Malam, mu ma ai an yi rinji da gandu a nan, ko Fanisau ta Kano ta ishe mu misali. Haka namu suka yi?

MalaminKawo:
Bauta dai bauta ce, kada mu yi wa tamu kwalliya. A nan akwai murgu: bawa ya yi sana'arsa, ya riƙa biyan ubangida wani abu, wani har ya tara kuɗin fansa. A can ma an samu masu fansar kansu, sai dai doka ta tsare hanyar. Wani bawa, Horace King, ya yi suna wajen gina gadoji a jihohin Jojiya da Alabama, amma sai da majalisar Alabama ta yi masa doka ta musamman a 1846 kafin ya iya zama a jihar a matsayin ɗa.