Shawarwari Kan Kare Alkama Daga Zafin Bazara

Manoman rani da malaman gona da suka tattauna kan alkamar yankin Kadawa na jihar Kano da ta kwarin Haɗeja sun fi nanata lokacin shuka: a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi fure cikin sanyin hunturu. Wanda ya makara, zafin Maris zai riske ta tana cika ido, kuma idan zafi ya haura digiri 30, ƙwayar takan bushe kafin ta cika, ta motse, ta yi shafal a tafin hannu, abin tausayi bayan wahalar wata uku. Sun kuma ce kada a bar ƙasa ta bushe lokacin fure, sannan a nemi iri mai jure zafi daga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.