Neman shawara: ina son yi wa kayan kyamarata inshora, amma hoto ba sana'ata ba ce

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hoto nake ɗauka don sha'awa, ba da shi nake ci ba. Kayan da na tara su ne kyamara mara madubi guda ɗaya, lens uku (50mm, 24-70mm da 70-200mm), filash, ƙafar kyamara, batura, memori, sai kwamfutar da nake gyara hotuna a kanta. Lens ɗin 70-200 na hannu na saya, ba ni da rasit ɗinsa. Ita kuma kyamarar da sauran garantinta. Ina yawan fita da su, wani lokaci in bar jakar a mota, kuma jefi-jefi nakan yi tafiya ta jirgin sama. Abokai kan ce in ɗaukar musu hoton taro, su ba ni ɗan abin da ya sawwaƙa. Shin garantin bai wadatar ba? Idan inshora zan yi, wace iri ce ta dace da ni, kuma me zan duba kafin in sa hannu?

Ma'aikaciyar inshora:

Wa alaikumus salam, Malam. Garanti hanyarsa daban. Abin da ya ɗauka kawai shi ne aibin da kaya suka zo da shi daga kamfani, kamar allon kyamara ya mutu haka kawai ko injin saita lens ya tsaya ba tare da an buge shi ba. Faɗuwa, shigar ruwa da sata duk ba ruwan garanti da su, kuma su ne ke cinye kayan masu hoto.

Hanya biyu ce a gabanka. Idan kana da inshorar kayan gida, kana iya saka kyamarar a cikinta, amma ka tambayi abu biyu. Na farko, tana bin kaya idan an fita da su daga gida? Da yawa ba sa bi sai an ƙara wannan sashen da kuɗinsa. Na biyu, mene ne iyakar abin da suke biya a kan abu guda? Idan darajar lens ɗinka ta haura wannan iyaka kuma ba ka sa an rubuta shi da sunansa a takardar ba, iyakar kawai za a ba ka. Hanya ta biyu ita ce inshorar da aka tsara don kayan hoto kaɗai. Ga mai yawan fita irinka ita na fi ba da shawara, domin ta ɗauki sata da lalacewa ta hatsari a waje, kuma neman diyya a kanta ba zai taɓa tarihin inshorar gidanka ba.

Sai dai akwai magana ɗaya a cikin bayaninka da ta fi duk sauran nauyi, wato ɗan abin da abokai ke ba ka. A wajen kamfanonin inshora da yawa, da zarar kuɗi ya shiga hannunka saboda hoto, ka tashi daga mai sha'awa ka koma mai kasuwanci, ko da sau ɗaya ne a shekara. Idan aka sace jakar a wurin taron da aka biya ka, alhali takardarka ta mai sha'awa ce, suna da damar ƙin biya, wasu ma su soke yarjejeniyar gaba ɗaya saboda ɓoye bayani. Ka faɗa musu tun farko, a rubuce, kuma ka adana amsarsu. Wasu suna da matakin tsakiya na mai samun ɗan kuɗi jefi-jefi, ƙarin da za ka biya bai kai asarar a hana ka diyya ba.

Mai gyaran kyamara:

Malam, bari in ƙara da abin da ba sa biya, don a nan ne rigima ke tashi tsakanin mai kaya da kamfani. Duk lalacewar da ta zo a hankali ba hatsari ba ce a wajensu. Tsufan kaya, ƙura a kan sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara), tsatsa a ramin batiri, marfin ɗaukar hoto da ya gaji bayan dubban hotuna, duk naka ne. Babba a cikinsu ita ce fumfunar da ke tsirowa a cikin gilashin lens saboda danshi. Kusan kowace takarda ta cire ta, kuma idan ta daɗe takan ci rufin gilashin har gogewa ba ta fitar da tabon. Maganinta ajiya: ka sa lens a akwati mai rufuwa sosai da ƙullin silika mai shan danshi, ko kabad ɗin busar da kayan hoto, danshin ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Kada ka bar su watanni a cikin jaka a rufe, musamman jakar da ruwan sama ya taɓa.

In kuma hatsari ya auku, kada ka kwance komai da kanka, kada ka kai wa mai gyara ya fara aiki kafin kamfanin ya amince. Ka ɗauki hoton ɓarnar, ka ajiye har ɓaraguzan, sannan ka karɓo takardar kimanta gyara. In ruwa ne ya shiga, cire batiri da memori nan take, kada ka kunna don gwadawa, kunnawar ce ke ƙona allon wutar ciki. Ruwan gishiri kuwa yawanci ya gama da kyamara ko da ta tashi a ranar, domin gishirin zai ci gaba da cin ƙarfen ciki. Ka sa mai kimantawa ya rubuta cewa ruwan gishiri ne, kada a yi maka gyaran da zai mutu bayan wata biyu.

Ma'aikaciyar inshora:

Gaskiya ne, Malam mai gyara. Bari in dawo kan maganar mota, don na ga mai tambaya ya ambace ta kamar ƙaramin abu. Sharaɗin da aka fi sakawa shi ne kaya su kasance a cikin but a kulle, ba a ganinsu daga waje, duk ƙofofi da tagogi a rufe, kuma a ga alamar an ɓalle motar da ƙarfi. Jaka a kan kujerar baya, ko an rufe ta da riga, ba ta cika sharaɗin ba. Takardu da yawa kuma sun cire sata daga mota da dare kwata-kwata, wasu har da awannin a rubuce. Haka nan kayan da aka bari ba mai kula da su a wurin jama'a: ka ajiye jaka a kan teburi ka je ka dawo ba ka gan ta ba, za su ce sakaci ne. Akwai kuma bambanci tsakanin sata da ɓata. Idan ba ka san inda ko lokacin da abu ya salwanta ba, sai takardar da ta ambaci ɓata a fili ce za ta biya.

Yanzu lissafin diyya. Ka tambaye su ko sabo suke mayarwa a madadin tsoho, ko darajar kasuwa ta ranar asara suke biya. Bodin kyamara, wato jikinta ban da lens, na saurin faɗuwa a daraja saboda sababbin samfura na fitowa a kai a kai, lens mai kyau kuwa ya fi riƙe darajarsa. Saboda haka tsarin sabo a madadin tsoho ya fi amfani a kan bodi, amma wasu sukan iyakance shi ga kayan da aka saya sababbi, ko waɗanda ba su wuce wasu shekaru ba. Lens ɗinka na hannu mai yiwuwa darajar kasuwa za a yi masa.

Kada ka rage darajar kaya don kuɗin da za ka riƙa biya ya yi sauƙi. Akwai ƙa'idar raba asara gwargwadon abin da aka rubuta. A ce kayanka duka darajarsu 100, kai ka rubuta 60, sai lens mai darajar 30 ya fashe. Kashi 60 cikin 100 na 30 za a lissafa maka, wato 18, sannan a cire kason da yarjejeniya ta ce mai kaya ne zai ɗauka a kowace asara. Shi ma wannan kason ka dube shi da kyau: idan ya yi girma kuɗin shekara na raguwa, amma duk ɓarnar da ba ta kai shi ba daga aljihunka za ta fita.

Wani ɗan zauren:

Ni ina ganin ba kowa ne ke buƙatar inshora ba. Ka haɗa kuɗin shekara da wancan kason, ka gwada da darajar kayan. Mai tsohuwar kyamara da lens ɗin 50mm kaɗai gara ya riƙa ware kuɗin gefe guda, cikin 'yan shekaru ya tara na sabuwa.

Wata mai ɗaukar hoton tsuntsaye:

Ɗan'uwa, maganarka daidai ce ga mai kaya kaɗan, amma ba ta hau kan mai tambaya ba. Shi jaka ɗaya ce ke ɗauke da bodi da 24-70 da 70-200, ɓarawo kuma jakar yake ɗauka gaba ɗaya, ba ya zaɓe. Ma'aunin shi ne: idan jakar ta tafi yau, zai iya mayar da ita ba tare da bashi ko taɓa kuɗin iyali ba? In ba zai iya ba, ya yi inshora. Inda zan bi ka shi ne ƙananan kaya. Filta da memori da marfin lens ba su kai a nemi diyya a kansu ɗaya-ɗaya ba, amma a saka su cikin jimillar, domin ranar da aka ɗauke jaka duka suna haɗuwa su zama kuɗi mai yawa.

Malam mai tambaya, batun hujja kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka buɗe jadawali yau, kowane abu da layinsa: kamfani, samfuri, lambar siriyal, ranar saye, abin da ka biya, da abin da sabonsa yake yanzu. Lambar bodi tana ƙasan kyamara, ta lens kuma a jikinsa ko kusa da bakin da ke shiga kyamara, wani lokaci an zana ta baƙi a kan baƙi sai ka haska fitila. Ka ɗauki hoton kowane abu, ka ɗauki na lambarsa kusa-kusa, ka ɗauki na rasit, domin rubutun rasit na takardar inji yana gogewa da kansa. Ka ajiye kwafi a intanet ko ka tura wa kanka ta imel. Idan a kwamfutar gyaran hoto kaɗai suke, ranar da ta tafi tare da jakar hujjar ma ta bi su.

Lens ɗin da ba shi da rasit bai gagara ba. Shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin cinikin, kwalinsa idan yana nan, ko takardar kimantawa daga dillalin kayan hoto, duk suna taimakawa. Akwai kuma bayanan EXIF da kyamara ke rubutawa cikin kowane hoto: kwanan wata, samfurin kyamara da na lens, kuma kyamarori da yawa har da lambar siriyal ta bodi. Ka adana wasu hotuna na asali da ba a taɓa su ba, don shafukan sada zumunta sukan goge waɗannan bayanai idan an ɗora hoto. Abu mafi muhimmanci, ka tambayi kamfanin wace hujja za su karɓa a kan wannan lens tun kafin ka biya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura maganar jirgi. Idan kaya suka lalace a hannun kamfanin jirgi, ba su ne za su biya ba?

Wata mai ɗaukar hoton tsuntsaye:

Za su biya, amma da iyaka. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa da Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta shafa, akwai iyakar diyyar kaya ga kowane fasinja, kuma tun daga ƙarshen Disamba 2024 ta koma 1,519 na SDR, wato ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Wannan na dukan kayanka ne har da tufafi, jakar hoto irin taka tana iya zarce shi. Ƙorafin lalacewar kayan da aka auna kuma dole ya isa gare su a rubuce cikin kwana 7 da karɓa. Ga shi kuma takardun inshora da yawa sun cire kaya masu daraja da aka saka a ɗakin kaya na jirgi. Don haka kyamara da lens su shiga da kai, ƙafar kyamara ce kawai za ta bi akwati. Baturan litiyam na ajiya dama a jakar hannu ƙa'idar jirage ta ce a saka su, a rufe bakinsu kada su haɗu da ƙarfe. Ka kuma duba ko takardarka ta ɗauki ƙasashen waje, da adadin kwanakin da ta yarda da su a kowace tafiya.

Ma'aikaciyar inshora:

Abu uku da ba a taɓo ba. Kwamfutar ba lallai ta shiga cikin kayan hoto kai tsaye ba, ka sa a rubuta ta da sunanta. Hotunan da ke cikinta da na memori kuwa yawanci ba a biyan darajarsu, kuɗin na'urar kawai ake bayarwa, don haka kwafi biyu a wurare daban shi ne kariyarsu. Aron kaya ma haka: in ka ba aboki kyamara ta faɗi a hannunsa, sai in takardar ta ambaci wasu masu amfani da ita. Tun da kuma kana zuwa taro, ka tambayi sashen da ke biyan diyyar wani da kayanka suka ji wa rauni, misali yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamara ko sandar fitila ta faɗo wa baƙo. Sashe ne daban da na kaya.

Ga wanda ya fi natsuwa da takaful, wato inshora irin ta Musulunci, tsarinsa shi ne mahalarta su zuba gudummawa a asusu ɗaya da ake biyan wanda asara ta samu, kamfani ya ɗauki ladan gudanarwa. Amma sharuɗɗan mota da hujja da bayyana gaskiya suna nan yadda suke, sai a karanta su kamar na kowace takarda.

Idan sata ta faru, ka kai rahoto ga 'yan sanda nan da nan, ka ba su lambobin siriyal, ka karɓi takarda ko lambar rahoton. Takardu da yawa na sharɗanta yin hakan cikin awa 24 ko 48, sannan a sanar da kamfanin cikin wa'adin da suka rubuta. Duk lokacin da ka sayi sabon lens ko ka sayar da tsoho, ka aika musu a gyara jadawalin a makon, domin abin da ba ya cikin jerin ba za su lissafa shi ba.