Hoto yana komawa rawaya kuma yana birgima a tsohon akwatin wasan jefa tsaba: daga ina ya kamata a fara bincike?

Auwalu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana gyaran lantarki. Ina neman shawararku a kan wani tsohon akwatin wasan bidiyo, irin wanda ake jefa masa tsaba kafin a buga, da ya zo hannuna a kwanakin baya. Akwatin na farkon shekarun 1980 ne, amma wani mai shi na baya ya sauya masa wayoyi zuwa tsarin JAMMA, wato tsarin soket na bai-ɗaya da ke haɗa allon wasa da sauran kayan akwatin, ya sa masa allon wasa na 'yan wasa biyu. Monitarsa mai tiyub ce, inci 19, kuma takardar da ke manne a jikin shasinta, wato allon lantarkin da ke tafiyar da tiyub ɗin, ta nuna Electrohome G07 ce.

Idan na kunna shi yakan tashi lafiya, sauti yana fita tar, hoto ma yana zuwa da kyau. Bayan ɗan lokaci sai launin shuɗi ya ɓace gaba ɗaya, abin da ya kamata ya zama fari ya koma rawaya, wani lokacin kuma hoton ya wargaje ya zama layuka a karkace, ko ya riƙa birgima daga sama zuwa ƙasa. Na lura cewa idan aka ɗan bugi gefen akwatin launin yakan dawo, amma a wasu lokutan bugun ne ke sa wasan ya katse ya sake farawa daga farko. Ban da wannan akwai wata inuwa mai faɗi da ke ratsa fuskar gilashin, sannan maɓallai biyu na ƙarshe na ɗan wasa na biyu ba sa aiki ko kaɗan.

An ba ni shawara iri biyu. Wasu sun ce in sauya duk kafasitocin shasin, wasu kuma sun ce in cire tiyub ɗin in sa monita ta zamani in huta. Ina da mita, kuma na iya aikin dalma daidai gwargwado, sai dai ban taɓa aiki a cikin monita mai tiyub ba. Wanne ya kamata in fara dubawa, kuma ta yaya zan gane ko matsalar daga monita take ko daga wayoyi?

Isyaku ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Shawarata ita ce kada ka taɓa monitar tukuna, domin alamomin da ka lissafa ba su nuna ita ce mai laifi ba. Monita ba ta da ikon sa wasa ya katse ya sake farawa, aikinta kawai nuna abin da allon wasa ya aiko mata. Tunda bugu ɗaya yana shafar launi, yana shafar tsayuwar hoto, yana kuma shafar shi kansa wasan, to a nemi wurin da waɗannan abubuwa uku suka haɗu, kuma wurin shi ne soket ɗin JAMMA.

Wannan soket yana da haƙora 56, wato 28 a kowane gefe. Gefen da kayan allon suke ana ƙirga shi da lambobi, gefen dalma kuma da haruffa. Ja yana kan 12, shuɗi yana kan 13, giraun na hoto, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, yana kan 14, kore yana kan N, siginar sink kuwa, wadda ke gaya wa monita inda kowane layi da kowane hoto zai fara, tana kan P. Abin lura a nan shi ne P tana daidai bayan 13, suna fuskantar juna a rami ɗaya. Saboda haka idan shuɗi da sink suna ɓacewa a kan inji ɗaya, zato mafi ƙarfi shi ne haƙoran wannan ramin sun buɗe sun daina matse allon, ko kuma datti da tsatsa sun rufe su. Ka kashe wuta, ka zare soket ɗin, ka haska cikinsa da tocila, ka kwatanta tazarar haƙoran wurin da ta sauran. Ka goge bakin allon da barasar goge lantarki da ƙyalle mai tsabta, idan ya yi baƙi ka bi shi da abin goge fensir a hankali. Kada ka sa masa samfefa, domin za ta cinye siririn rufin da ke kare jan ƙarfen.

Daga nan sai awon wuta, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Ba a bakin akwatin ba da wuta ake auna bolt 5 ba, a kan allon wasan ake aunawa yana cikin aiki. Ka sami IC, wato ɗaya daga cikin ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da ke kan allon, mai ƙafa 14 na jerin 74, ka ɗora baƙar wayar mita a ƙafa ta 7, ja a ƙafa ta 14, inda wuta take a yawancinsu, ka kiyaye kada bakin mitar ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Irin waɗannan IC an yi su ne su yi aiki tsakanin 4.75 da 5.25, kuma abin da ake so a gani shi ne 5.0 zuwa 5.1. Idan ka sami 5.1 a akwatin wuta amma 4.6 a kan allo, to rabin bolt yana salwanta a hanya, a cikin siririyar waya ko a mahaɗar da ta yi tsatsa. Ina jan kunnenka kada ka murɗa makunnin ƙara wuta don cike giɓin, domin ranar da mahaɗar ta kama da kyau, duk ƙarin zai sauka ne a kan allon. Wutar bolt 5 tana shiga ta 3 da 4 da C da D, giraun kuma ta 1 da 2 da A da B, da kuma 27 da 28 da kishiyoyinsu, kuma an ba su haƙora da yawa ne don a sa wa kowanne waya mai kauri.

Akwatunan da aka sauya wa tsari su ne suka fi wannan ciwo, saboda sau da yawa mai sauyawar yakan yanke tsofaffin wayoyi ya murɗa su da sababbi ya naɗe da salatif. Ka bi kowace waya da hannunka daga soket har monita, duk inda ka ga kumburin salatif ka kwance, ka yi dalma, ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Garba ya amsa:

Na yarda da tsarin da Malam Isyaku ya kawo, amma ba zan wanke monitar da wuri haka ba. Shasin da ya haura shekara 40 yana zafi yana sanyi, dalmar da ke riƙe da fil-fil ɗin shigar hoto da soket ɗin wuyan tiyub takan tsage ta yi zobe siriri kamar gashi, kuma ita ma bugu yana gyara ta na ɗan lokaci. Yana yiwuwa matsala biyu ce ta haɗu. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: ka kashe wuta, ka musanya wayar ja da ta shuɗi a inda suke shiga monita, sannan ka kunna ka buɗe shafin gwajin launuka idan allonka yana da shi. Idan yanzu ja ne ke ɓacewa, to matsalar ta bi waya, monita ba ta da laifi. Idan har yanzu shuɗi ne ba ya fitowa a gilashi, to a duba dalma da tiransistan shuɗi a ƙaramin allon wuyan tiyub.

Game da birgima, G07 tana da wurin shigar sink guda biyu. Soket mai fil shida yana ɗauke da launuka uku da giraun da sink mai alamar tarawa (+), ƙaramin soket mai fil uku kuma shi ne na sink mai korau (-). Allon JAMMA yana fitar da sink mai korau a waya ɗaya da ta haɗa na kwance da na tsaye, don haka ana kai ta ƙaramin soket ɗin, a kuma yi 'yar gada tsakanin fil na kwance da na tsaye. Idan gadar ta saki, hoto zai tsaya ta gefe amma ya yi ta birgima sama da ƙasa. Idan wayar ce dungurungum ta yanke, sai ka ga layukan nan a karkace. Tunda ka ga duka biyun, ka duba duka wuraren biyu kafin ka taɓa makunnan riƙe hoto.

Abin da ya fi damuna shi ne ka ce ba ka taɓa aiki a cikin irin wannan monita ba. G07 tana aiki da wutar AC bolt 120, kuma dole ne ta samu ta hannun taransifomar keɓewa da ke ƙasan akwatin. Kada ka taɓa jona ta kai tsaye da wutar bango, ko da don gwaji ne, domin hakan yana iya ƙona shasin da allon wasan, yana kuma iya sa wuta a jikin ƙarfen da kake taɓawa. Sannan jar wayar da ta fito daga fulaibak, wato taransifomar da ke samar wa tiyub babbar wuta, ta manne a jikin tiyub da hular roba tana ɗauke da wajen bolt 20,000, kuma tiyub ɗin yana riƙe caji bayan an kashe wuta. Duk gwajin da muka ambata ba ya buƙatar ka kusanci wannan hula. In aiki ya kai ga cire shasi, ka nemi wanda ya saba ya sauke cajin a gabanka karon farko. Ka kuma kula da wuyan tiyub lokacin da kake miƙa hannu ciki, domin gilashinsa siriri ne, in ya fashe babu gyara.

Batun monitar zamani kuwa, allonka yana fitar da hoto a kan kilohaz 15 ne, yawancin na zamani kuma daga 31 suke farawa, sai an sa na'urar juya sigina a tsakani, wadda takan kawo ɗan jinkiri ta kuma sauya kamannin hoton. Muddin tiyub ɗinka yana da haske, ban ga dalilin cire shi ba.

Auwalu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam Isyaku da Malam Garba, Allah ya ƙara basira. Na auna wuta kamar yadda aka ce, na sami 5.12 a akwatin wuta, 4.68 a kan IC. Da na duba soket ɗin sai na ga waya ɗaya ce siririya take ɗauke da bolt 5, robar da ke kusa da haƙori na 3 har ta yi ruwan ƙasa saboda zafi, haƙorin 13 da na P kuma sun lafe ciki ba sa tasowa kamar sauran. Na sa sabon soket, na ja wayoyi masu kauri zuwa duk haƙoran wuta da na giraun, yanzu ina samun 5.05 a kan allo. Shuɗi ya zauna, layukan karkace sun tafi, wasan kuma bai sake katsewa ba ko da an jijjiga akwatin. Gadar sink ɗin ma na same ta a murɗe kawai ba dalma, na gyara ta, birgima ta tsaya. Abin da ya rage shi ne inuwar da ke ratsa gilashi da maɓallan nan biyu.

Isyaku ya amsa:

Madalla, Malam Auwalu. Maɓallan ba za su ba ka wahala ba. Kowane maɓalli yana da wayarsa ta sigina, amma giraun waya ɗaya ce da ke bi daga wannan makunni zuwa wancan a jere, shi ya sa idan ta tsinke a wuri ɗaya duk waɗanda ke bayanta suke mutuwa tare. Ka sa mita a kan gwajin ƙara, ka duba tsakanin maɓallin ƙarshe da ke aiki da na farkon da ya mutu. Ka kuma tabbatar giraun yana kan ƙafar makunnin da aka rubuta wa COM, siginar kuma tana kan NO, wadda ba ta haɗuwa da COM sai an danna, domin idan aka sa ta a NC, wadda a haɗe take tun kafin a danna, wasan zai ɗauka a danne maɓallin yake kullum.

Inuwar kuwa alama ce ta ragowar wutar AC da ba a tace ba, kuma saurin tafiyarta ya danganta da bambancin bugun wutar gida da yawan hotunan da wasan ke fitarwa a daƙiƙa. Ka fara tabbatar da cewa wayar haƙori na 14 ta isa monita kai tsaye, kuma wayoyin hoto ba a ɗaure suke tare da na AC ko na fitilar saman akwati ba. Sannan ka juya mitarka zuwa AC ka auna layin bolt 5, wanda ya kamata ya nuna kusan sifili. Idan waɗannan duka lafiya suke, to babban kafasitan tace wuta na shasin ne ya gaji, kuma a nan ne shawarar sauya kafasitoci ta zo daidai. Shi ma wannan kafasita yana riƙe caji, don haka a sauke shi kafin a sa masa dalma, kuma bayan an gama aikin a auna wutar B+, wato babbar wutar DC da shasin ke aiki da ita, wadda a G07 ya kamata ta tsaya a kan bolt 120.