Ɗinkin CS ɗin maiɗakina ya ƙi warkewa, wai ƙwayar cutar ba ta jin magani

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lafiya a taimaka min da bayani. Yau kwana 12 da aka yi wa maiɗakina CS, wato tiyatar haihuwa, an sallame mu lafiya lau, ana gobe suna sai zazzaɓi ya rufe ta, wajen ɗinkin ya kumbura ya yi jawur yana fitar da ruwa mai wari har zaninta yake ɓatawa. Muka koma asibiti aka kwantar da ita aka yi ta yi mata allurar ceftriaxone kwana uku shiru, shi ne likita ya sa aka dangwali ruwan ciwon da auduga aka kai lab, sakamako ya fito wai MRSA ce kuma mai yiwuwa a asibitin ta ɗauka. Abin ya ɗaure min kai wallahi, ya za a yi mutum ya je neman lafiya ya kwaso cuta?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya ya raya abin da aka samu. Ƙwayar sunanta Staphylococcus aureus, kusan mutum ɗaya cikin uku yana yawo da ita a hanci ko a fata ba ta yi masa komai, sai ta samu ƙofa irin yankan tiyata ko wajen kanula, wato robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, sannan take yin ɓarna. MRSA ita ce wadda ta riga ta gagari dangin penisilin, su Ampiclox da Augmentin, har ceftriaxone ɗin ma ba ya taɓa ta, shi ya sa kuka ga shiru. Ka duba takardar lab ɗin za ka ga S da R a gaban sunayen magunguna, mai S shi ne zai yi aiki. Batun yadda ake ɗauka kuwa yawanci ta hannu ne, namu na ma'aikata da naku na majinyata. Na yi aiki a ɗakin da famfo yake ƙafewa tun hantsi, ga nas ɗaya da gadaje rututu, ga 'yan dubiya goma a kan gado ɗaya kowa sai ya ɗaga zani ya ga ɗinki. Kar ka ji nauyin ce wa kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa ta, ko da likita ne.

Malam Na Tasha:
Anti kin faɗi gaskiya amma mu ma da namu laifin fa. Ɗan mura kaɗan sai kemis, a ba ni Ampiclox guda huɗu, gudawa kuma ja da yalo da Flagyl, da mutum ya ji dama-dama ya watsar. Ni da kaina na sha fasa kafso in barbaɗa garin a gyambo. Jikinmu duk ya saba da magani.

Ummu Lab:
Gyara kaɗan Malam, ba jiki ne yake sabawa ba, bakteriyar ce. Maganin yana kashe masu rauni, masu taurin kan su tsira su hayayyafa su koma jikin wani wanda ƙila bai taɓa shan kafso ba a rayuwarsa, jariri ma yana iya kamuwa. Mura kuma bairos ce, antibayotik ba ruwansa da ita. Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928, tun 1945 ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin jure maganin. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda wannan matsalar kai tsaye, kuma idan aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ya fi ko'ina shan wuya.

Hajiya Iya:
Ɗana, idan an sallame ta ka tsaya tsayin daka a kan wankan jego, kar a gasa mata ɗinkin nan da ruwan zafi ko a shafa mata wani haɗi. Tawul da sabulunta daban, kuma ta wanke hannu kafin ta ɗauki yaron saboda cibiyarsa.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, vancomycin ne mai S kuma shi suka fara sa mata ta ƙarin ruwa jiya da daddare, sun warware zare biyu suna wanke ciwon safe da yamma. Anti Nas, za ta iya ci gaba da ba yaron nono tana kan maganin nan ko sai na tambayi likitan in ya zo zagaye gobe?