Wace kalma za mu sa wa "underemployment" a takardar tambayoyi?

Mai buɗe zance, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ana mayar da takardar tambayoyi kan aikin yi tsakanin matasa da mata zuwa Hausa, wadda za a shiga da ita Argungu da Jega da Aliero da Yauri, sai aka cije a kan kalmar "underemployment". A ma'aunin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na yanzu, sharaɗi huɗu ne: mutum yana da aiki, awannin da ya yi a mako ba su kai 40 ba, yana son ƙari, kuma in ƙarin ya samu yana da halin yi. Ɗaya ya faɗi, mutum ya fita daga wannan sahu. Kalmomin da aka kawo zuwa yanzu su ne ƙarancin aiki, rabin aiki, zaman kashe wando da rashin cikakken aiki. Ana son wadda za ta zauna a rahoto, a kuma iya faɗarta a rediyo ba tare da dogon sharhi ba. Malamai, bismillah.

Malamin ƙididdiga

Wa'alaikumus salam. Kafin a zaɓa, a san dalilin da ya sa kalmar ta yi nauyi yanzu. A tsohon lissafi, wanda ya yi ƙasa da awa 20 a mako marar aiki ne, wanda ya yi 20 zuwa 39 shi ne ke wannan sahu da muke nema wa suna. Da wannan ma'auni aka samu kashi 33.3 cikin 100 na rashin aiki a rubu'in ƙarshe na 2020. A 2023 hukumar ta koma bin ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a taron masana ƙididdiga na 2013: duk wanda ya yi ko da awa ɗaya cikin kwana bakwai don lada ko riba, mai aiki ne. Sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a rubu'in farko na 2023. Ba ayyuka ne suka ƙaru dare ɗaya ba, mudun ne aka canza. Saurayin da ya yi dakon buhuna rana ɗaya a kasuwar Jega ya zauna sauran kwana shida, da can marar aiki ne, yanzu mai aiki ne. Wurin da zai bayyana a lissafi kawai shi ne ƙarƙashin wannan kalma. In ta fito da rauni, ya ɓace.

Saboda haka ni ban yarda da "ƙarancin aiki" ba. Duk wanda ya ji ta a rediyo zai ɗauka ana nufin ayyuka sun yi ƙaranci a gari. Wannan siffar gari ce, mu kuwa siffar mutum ɗaya muke nema.

Wani daga Yauri

Zaman kashe wando ma a cire. Zargi ne, kuma wanda ake faɗa wa haka ba ya komai, alhali mutuminmu yana taɓa wani abu. Sannan wando na maza ne, wa ya taɓa jin an ce mace na zaman kashe wando? "Rabin aiki" kuma aikin da aka fara ba a gama ba ne. Ka ce wa magini ya yi rabin aiki ka ga yadda zai dube ka.

Mai kula da mata masu tattara bayanai

Malamai, ku yi haƙuri in ja ku baya kaɗan. Kuna gardama a kan rabin kalmar, alhali "aiki" ɗin kanta ita ce ke fara zubar mana da mata. A kunnen mutane da yawa aiki shi ne na albashi, na gwamnati ko na kamfani. A tambayi matar aure "kina aiki?" ta ce a'a, ga tukunyar turara shinkafa a kan murhu, ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa an jera, ga 'yarta ta fita da tallar fura. In maigida ne ya amsa a madadinta daga zaure, amsar ta fi gajarta: "tana gida." Mai rubutu ya sa ta cikin waɗanda ba sa cikin ma'aikata gaba ɗaya, tambayar awanni ba za ta ma zo kanta ba.

Maganin shi ne kada kalmar da za ku ƙirƙira ta shiga bakin mai tambaya ko kusa. Ta rahoto ce. A cikin gida, mace ce za ta shiga ta tambayi mace, kuma a jere kamar haka. Da farko: "A kwana bakwai da suka wuce, kin yi wata sana'a ko wani abu da ke kawo kuɗi, ko da na ɗan lokaci ne?" In ta ce a'a, ba a wucewa, sai a karanto mata misalai: kitso, ɗinki, surfe ko sussuka na lada, sayar da kayan miya a cikin gida, kiwon da ake yi don sayarwa, taya miji ko uwa sana'arsu ko ba a biya ta. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mai taya sana'ar gida ba lada ana ƙirga ta cikin masu aiki. Girki da reno da ɗibar ruwa da wankin gida kuwa aiki ne ƙwarai, amma ba sa cikin wannan ma'auni, shafinsu daban.

Sai awanni. Ba wanda ke riƙe da agogo a madafa, don haka da lokutan salla ake aunawa: daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, rana bayan rana, mai rubutu ya mayar da su awa. Wurin da aka fi kuskure shi ne mace na haɗa sana'a da hidimar gida a lokaci guda, tana tuya tana goyo tana duba tuwo. In aka rubuta yini sukutum, ta haura 40 ta fita daga sahu ba gaira ba dalili. A tambaye ta lokacin da ta ɗora da lokacin da ta sauke.

Tambaya ta uku da ta huɗu kada a haɗe su. "Kina son ƙari?" daban, "in ya samu za ki iya?" daban. Mata da yawa za su ce suna so, amma babu mai riƙe yara, ko maigida bai amince da fita ba, ko jarin kwano biyu ne kawai. Wadda jari ya tsayar tana cikin sahu, domin lokacin yana hannunta. Wadda reno ya ɗaure ma'aunin zai fitar da ita, kuma ni a ganina wannan gurguntaka ce a ma'aunin, don haka a buɗe layin "me ya hana?" a rubuta dalilin da bakinta.

Manajan ma'aikata a wani injin casar shinkafa

Hajiya ta gama magana. Ta ɓangarenmu ga yadda abin yake. Akwai ma'aikatan dindindin masu albashi, akwai leburori da ake biya kullum ko a kan buhu, jinga ke nan. Bayan girbin damina da na rani, shanshera na shigowa tirela-tirela, a yi aikin rana a yi na dare, yaro ya yi awa 60 a mako. Da kaya sun janye, ko wuta ta ƙi ga tsadar man janareta, sai a rage kwanaki. Ba a sallami kowa ba, sunansa na cikin rajista, amma kwana biyu ake kiransa a mako. Shi ne ainihin mutumin da kuke nema wa suna. Su da kansu cewa suke "aikin ba ya isa" ko "muna dai maneji".

Shawara ga masu bincike: kada ku dogara da jerin sunayen ma'aikata, ku nemi rajistar halarta ko takardar biyan jinga. Kuma ku bambance zama iri biyu. Ɗan kabu-kabu da ke tasha kan babur yana jiran fasinja yana cikin lokacin aikinsa. Leburan da ya zo bakin ƙofa da sassafe ba a ɗauke shi ba, neman aiki ya yi, ba a rubuta masa awa.

Malamin Hausa

Allah ya saka, Manaja, ka kawo kalmar ba ka sani ba. "Isa" ita ce jijiyar. "Cikakke" tana auna aikin ne, shi ya sa "rashin cikakken aiki" za ta kamo ɗalibin da ke tsaron shago da yamma kawai don karatu ya fi masa, da dattijon da ya rage da kansa. Su aikinsu ba cikakke ba ne, amma ya ishe su. "Isasshe" kuwa tana auna aikin da bukatar mai shi, ta ɗauko sharaɗin son ƙari a cikinta ba sai an faɗa ba. Don haka ina ba da "rashin isasshen aiki". Tana kuma zama kusa da "rashin aiki" yadda mai sauraro zai ji 'yan'uwa ne amma ba ɗaya ba.

Malamin ƙididdiga

Allah gafarta Malam, na karɓa, amma da gyara. Bahaushe in ya ce abu bai ishe shi ba, kuɗi ne ke fara zuwa ransa. Mai shago a Birnin Kebbi da ke buɗewa bakwai na safe ya rufe goma na dare zai rantse aikin bai ishe shi ba, alhali ya ninka awa 40. Haka mai digiri da ke cajin waya ko POS yini guda. Duka biyun a Turance ana kiransu da wannan kalma a zance na yau da kullum, amma adadin da hukuma ke fitarwa na lokaci ne zalla. In muka bar kalma ɗaya ta kwashe ukun, ɗan jarida zai ɗauki adadin awanni ya ce adadin masu ƙaramin samu ne.

Malamin Hausa

To a yi mata 'ya'ya. Uwar ita ce rashin isasshen aiki. Na lokaci, wanda ake aunawa da awa 40, a ce "ƙarancin awannin aiki". Da aka sa awanni, shubuhar da ka nuna a farko ta tafi, ba wanda zai ɗauka gari ake nufi. Na mai digiri a ce "aiki ƙasa da ƙwarewa". Na mai shago kuwa "aiki mai ƙarancin samu". A kan tebur na alƙaluma a riƙa rubuta "ƙarancin awannin aiki" a cike, uwar a bar ta ga kanun labari da gabatarwa.

Wani daga Aliero

Madalla. Saura manomi, don nan ne yawancin matasanmu suke. Ƙa'idar 2013 ta ware noman ci da noman sayarwa. Mai albasa ko shinkafar fadama da yawancinta kasuwa za ta, mai aiki ne. Mai gero da dawa na rumbun gida kawai ba a sa shi cikin masu aikin lada ko riba, gurbinsa daban. Tambayar da za ta raba ita ce "yawancin abin da ka noma, na ci ne ko na sayarwa?", kuma a tambaya amfani-amfani, domin gida ɗaya na yin duka biyun.

Sannan a kula da wata. A shiga ƙauye lokacin shuka ko noman farko, kowa ya haura awa 40. A koma bayan an kai amfani gida, wanda ba shi da fadama ko injin ban-ruwa yana zaune, wasu sun tafi cin rani. Ƙauye ɗaya, amsa biyu. Shi ya sa sabon tsarin hukumar ke tattara bayanai duk tsawon shekara. In kuɗin bincikenku na zagaye ɗaya ne, a rubuta watan a jikin kowane tebur, kada a ce adadin na shekara ne.

Mai buɗe zance

Mun gode ƙwarai. An ɗauki rashin isasshen aiki da 'ya'yanta uku. Za a ba wani da bai ga ta Turancin ba ya mayar da takardar daga Hausa, a gwada da ta asali, sannan a jarraba ta a gidaje kaɗan a Argungu kafin a buga. Malam, mutumin fa, me za a kira shi a rahoto?

Malamin Hausa

Marar isasshen aiki, namiji ko mace, jam'i marasa isasshen aiki. Sai dai a gargaɗi mai karanta labarai kada ya haɗiye "isasshen" don sauri, in ba haka ba "marasa aiki" za a ji, adadin ya koma na wani sahu.

Mai kula da mata masu tattara bayanai

Kuma wajen jarrabawar a bar masu tambaya su yi da bakin garin. In takarda ta ce "me kike yi", a Argungu "mi kika yi" za su ce, Bakano mai duba aikin kuma zai ɗauka abin da ya wuce ake tambaya. A faɗa masa tun wuri kada ya soke takardun.